Yadda na sa ma gidana karo da ragowar shantiye da kwancen Katako

Shekara 11 na yi ina haya a Yamai, daga Boukoki zuwa Lazaret zuwa Banifandou, kahin Allah ya nuhe ni da ɗan hili can bayan Niamey 2000. Ɗaki biyu da salo da ƴar baranda na samu na tada, da kaɗan da kaɗan, wannan wata bulo wancan wata tol. Da anka ruhe sama anka sa ƙofa sai na ce ma madam to shikenan mu tare hakanan bisa siminti, ai ɗakin da anka haihe ni a Tahoua daɓen ƙasa ne kuma ga ni ban mutu ba. Ta dube ni ta ce Malam, shekara 11 ina sharar simintin mutane, in share da sahe kahin azahar ƙura ta sake tashi daga jikinshi, nawa ɗakin kam sai da karo ko da guntaye ne. Ban san bakinta zai kama ba, guntayen ma sai da munka sa.

Ƙarshen 2024 ne. Na shiga magaza biyu na masu saida karo, wato tayil ɗin daɓe, sabo anka yi mini lissahi, na hito ina gumi cikin sanyi. Kuma ba na ganin laihin ƴan kasuwar sosai, kowa ya san tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da CEDEAO ta sa takunkumi hanyar Kwatano ta ruhe, gadar Gaya da Malanville ba mota mai wucewa, ko da anka ɗage takunkumin a Fabrairu 2024 iyakar Benin ba ta buɗe ba, kaya sai sun zagayo ta Lome su ratsa Burkina, kuma karo abu ne mai nauyin tsiya, kaso babba na kuɗinshi mota ce ke ci. Abin da ya ɗan sanyaya mini rai siminti ne, da gwamnati ta rage kuɗinshi a Oktoba 2024 bayan ambaliyar damanar nan, buhun Malbaza ya sauko inda talaka zai iya miƙa hannu. Amma karo kam ko gezau.

A fada muna shan shayi nike ba da labari wani abokina ya ce kai ma dai, ka tahi Katako mana, mi ne ne babu a Katako. Kuma gaskiyarshi, kasuwar nan in ka shiga daga wajen masu katako ka ratsa masu ƙarhe da masu narka gorar ruwa suna zuba tukwane, za ka iske ƙofa da taga da pompo da kwanon wanka da anka ciro daga gidajen da anka rushe, har da karo an jingine shi jikin bango layi layi kamar faranti.

Nan na yi wautata ta farko, na tahi ni kaɗai ran Lahadi. Wani dattijo ya nuna mini tarin karo 40 bisa 40 ruwan ƙasa, an goge na saman sai ƙyalli shike, ya ce dala 50 guda, munka ja munka ja ya bar mini dala 40. Lissahin mai sauƙi ne, ɗakina metir 4 ne bisa 4, metir kare 16 ke nan, karo 40 bisa 40 kuma guda 100 cif ke ruhe shi. Na ƙirga 100, na ce Baba a ƙara mini gyara, ya ɗora 5, na biya ina jin na ci kasuwa.

Washegari na kira mai sa karon da magini ya haɗa ni da shi, wani mutumen Dogon Dutsi ne da ya daɗe cikin aikin har gwiwoyinshi sun yi kanta. Ya zo ya tsuguna gaban kayan bai ce komi ba, ya ɗauki guda ya riƙe ta da yatsu biyu a kusurwa ya ƙwanƙwasa da ɗan makulli, ta yi ƙara tsai kamar kwano, ya aje dama. Ya ɗauki wata ya ƙwanƙwasa, ta ce ɓus, ya aje hagu, ya ce Malam wannan ta tsage a ciki ido ba ya gani, ran da anka ɗora mata ƙafar gado za ta buɗe. Haka ya bi su ɗaya ɗaya ni ina tsaye kamar ɗan lekol da anka kama bai yi aiki ba. Wasu ya haɗa su huska da huska ya ɗaga sama ya leƙa ko haske na ratsawa tsakani, in ta lanƙwasa ke nan. Sai ya tsamo wasu guda 9 daga tsakiyar tarin, kalarsu kusan ɗaya da sauran amma sun hi su sirantaka, ya juya bayan guda ya ɗiga mata ruwa daga buta, kahin in ƙyafta ido ta shanye. Ya ce wannan fayans ce, ta bango ce, ba a taka ta. Cikin 105 abin da ya yarda da su 78. Ya ce wani karon in za ka tahi ka kira ni, kuɗin shayina bai kai asarar nan ba.

Shi ya rarrabe mini kayan da ake ce ma na hannu, don ni da duka ɗaya na ɗauke su. Akwai kwance, wanda anka ɓamɓaro daga ƙasan wani gida, da tsohon siminti manne a bayanshi. Akwai ragowar shantiye, wanda mai gini ya saya ya yi mishi yawa, sabo ne dal cikin kwalinshi. Akwai kuma wanda tun daga kamfani anka ware shi don ɗan tabo ko kusurwa da ba ta daidaita ba, duziyam shuwa suke ce mishi, shi a magaza ma ana samu in ka tambaya, ba su hiye hito da shi gaba ba ne. Sai na ƙarshe kase, fasassun da ake saidawa a buhu. Ya ce in da hali ragowar shantiye za mu nema ma salo, tunda nan baƙo ke zama.

Kuma ragowar nan ba a kasuwa ake samun mai kyau ba, a bakin masu aikin take. Kwana 10 ya kira ni ya ce akwai wani gida wajen Koira Kano an gama, kwali 14 na 60 bisa 60 sun rage. Munka tahi bisa moto. Mai gadin gidan ne ya tarbe mu ya kai mu garaji, kaya ga su nan fari mai ɗan zanen toka, na ji raina ya biya. Sai mai gadi ya matso ya rage murya ya ce in da kuɗi a hannu ma a gama yanzu ba sai an dami Alhaji ba, zai yi mini sauƙi. Wallahi sai da zuciyata ta ɗan karkata don farashin da ya faɗi ko rabi bai kai ba, amma mai karo ya taka mini ƙafa. Munka ce a'a a kira mai gida. Anka kira shi a waya munka gaisa, na ce Alhaji Allah shi sa albarka cikin gida, an ce akwai ragowa, ya ce e akwai, ya faɗi kuɗinshi, na roƙi ragi ya rage, na ce don Allah shi turo mini saƙo a WhatsApp cewa ya saida mini kwali 14, ya yi dariya ya turo. Kayan shantiye da yawa da ke yawo cikin gari da arha mai gininsu bai san sun hita ba, kuma in anka biyo sawu a salonka za a iske su manne, ba ka da bakin magana. Ko a hakan ma kuɗin kwali 2 na magaza ya sai mini 3.

Kahin a loda mai karo ya bi kwalayen nan ɗaya ɗaya shina karanta gehensu. Na ce mi kake nema, ya nuna mini, ban da sunan samfurin akwai wasu lambobi biyu ƙanana, ɗaya ta kala ɗaya ta girma. Karo gasa shi ake yi cikin wuta, kowane gashi da yadda kalarshi ke hitowa, kuma shina ɗan tsukewa in ya gasu, shi ya sa suna ɗaya zane ɗaya amma wani ya ɗara wani da milimetir 1 ko 2. 14 ɗin duka lamba guda ce, alhamdulillahi. Sai dai ya ce ba za su isa ba. Ni kuma na hito da waya na buga, salo 5 bisa 4 metir kare 20, kwali guda karo 4 ne wato 1,44, sau 14 ya ba da 20 da ɗan ɗori, na ce ga shi ya isa har da canji. Ya ce Malam lissahin takarda ke nan, ina yanka, ina wanda zai fashe, ina na gindin bango, ko da yaushe ana ɗora kashi 10 cikin 100 bisa awo, kwali 16 ya kamata. Na ce Allah zai rufa asiri. Wautata ta biyu ke nan.

Ɗaukowa ma darasi ce. Mai dogon baron da na samu ya fara shimfiɗa kwalayen kwance ɗaya bisa ɗaya kamar buhun shinkafa, mai karo ya daka mishi tsawa ya ce a tsaye ake jera su bisa gehe, a matse su, a sa kwali ko tsohuwar tabarma ƙasa. An gyara, amma hanyar unguwarmu da kun san ta, rairayi da ramukan da damana ta bari, da munka buɗe a gida 3 sun rabe biyu.

Aikin da ya hi cin raina shi ne wanke kwancen nan 78, da wasu 40 da munka koma Katako tare munka tsinto masu kama da su. Mai karo ya ce shi ba zai sa su da tsohon siminti a baya ba, don ba za su kwanta daidai ba kuma sabon ba zai kama ba, in kuma shi zai kankare to kuɗin aiki ya canza. Na ce bari ni da ƙanena da ɗan maƙwabci mu yi. Munka cika rabin tano da ruwa munka jiƙa su kwana guda, da sahe a zuba rairayi a ƙasa a kifa karo bisa huskarta don kada ta karce kuma rairayin shi shanye bugun, a kwantar da bakin ƙarhen sassaƙa kusan kwance, a dinga bugu a hankali daga gehe zuwa tsakiya. Wadda anka sa da siminti mai rairayi da yawa daɗi gare ta, bugu uku huɗu sai ɓawon ya tashi gaba ɗaya kamar ƙanzo daga gindin tukunya. Amma wadda anka sa da kol, wato gam ɗin manna karo, ko magini ya cika mata siminti, wannan ko ka kwana kana bugu sai dai karon ta fashe ta bar simintin. Su sai da injin gurzawa, kuma ranar da munka fara gurza a bushe ƙura ta turnuƙe gidan har maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce lahiya, ƙanena ya kwana shina tari. Ƙurar siminti da karo ba irin ta hunturu ba ce, in ta shiga huhu ba ta hita, daga ranar sai da takunkumi kuma ana yayyafa ruwa. Ga wuta da ake ɗaukewa ana tsakar aiki. Asabar da Lahadi uku munka ci a kan abin nan, ɗan maƙwabci ina ba shi dala 10 kowace guda, hannuna duka ya yi kanta da yanka, kuma 14 sunka mutu a hannunmu. Abin da ya tsira 104, ɗaki na son 100. Da kyar.

Wani abu kuma da ban sani ba, huskar wasu akwai dusashen siminti da ruwa ba ya hiddawa, sai da asid ɗin nan da ake saidawa a kankayari, a surka da ruwa sosai a goga a ɗauraye nan take. Madam ta zo da jabel za ta ƙara wai don shi hi haske, mai karo ya yi tsalle ya riƙe kwalbar, ya ce Hajiya kada ki kuskura, in sunka haɗu hayaƙin da ke tashi guba ne.

Ɗakin kwana anka fara. Su kwancen irin mai shan ruwa ne, sai da ya sake jiƙa su kahin shi ɗora bisa kwaɓin siminti da rairayi, in ba haka ba karon za ta tsotse ruwan kwaɓin ta bar shi gari, bayan wata biyu ka ji tana ƙwal ƙwal ƙarƙashin ƙafa. Tunda kaurinsu ba ɗaya ba ne kowace guda sai ya ƙara ko ya rage kwaɓi, ya ɗora nibo na awon daidaito, ya bubbuga da guduma ta roba, aikin kwana 2 ya koma 4, kuma ya gaya mini tun farko kuɗin metir na kwance ba ɗaya ba ne da na sabo. Dabarar da ta burge ni, ya ware su kashi biyu, masu haske da lahiyayyar huska ya sa daga ƙofa zuwa tsakiya, masu duhu da ƴan tabo ya tura inda gado da armuwar za su zauna. Yau in ba ka ja gadon ba ba za ka ce ba kwali guda ba ne.

Salo kuma wani aiki ne daban. Manyan nan irin mai ƙarhi ne da suke ce ma gire, ka ɗiga ruwa a bayanshi sai shi tsaya kamar bisa gilashi, don haka siminti zalla ba ya riƙe shi da kyau, sai da kol na buhu, a shafa a ƙasa a shafa a bayan karon. Wani kuɗin da ban sa cikin lissahi ba. Na so a manne su ƙut da ƙut ba layi kamar yadda nike gani a hotuna, ya ƙi, ya ce zahin Yamai na Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 shina sa karo buɗewa, in bai samu wurin motsi ba wata rana kuna zaune za ku ji tau, tsakiyar salo ta tashi kamar tanti. Ya bar milimetir 3 tsakani da ƴan gicciyen roba, ya bar ɗan sarari jikin bango wanda pilant, wato karon gindin bango, za ta ruhe.

Sai abin da ya faɗa ya faru. 56 ne cikin kwali, 3 sun fashe a hanya, 1 ta fashe wurin yanka, kuma ashe salon nawa ma ba murabba'i ba ne sosai, magini ya ɗan karkace bango guda. Na ɗauki guntu na sa a jakka na shiga gari, magaza 6 na shiga, a na 5 na samu sunan samfurin daidai, zane daidai, na yi murna, da na ɗora guntuna bisa nasu a bakin ƙofa cikin rana sai ga nasu ya ja ruwan madara nawa fari tas. Lambar gashin daban. Na dawo jiki ba ƙwari. Mai karo bai ce ai na gaya maka ba, Allah shi saka mishi, ya zauna ya zana a ƙasa da ƙusa, ya ce 8 a tsawo 6 a faɗi 48 ke nan ba yanka ko ɗaya, mu tattara su tsakiya, abin da ya rage a zagaye mu bi shi da baƙin karo kamar bakin zane. Kwali 3 na baƙi duziyam shuwa munka saya ya yayyanka. Gehe biyu bakin ya hi faɗi, wajen santimetir 20, gehe biyu 10, ni kullum idona na kai wa nan amma duk wanda ya shigo sai ya ce wa ya zana muku wannan. Huɗun da sunka rage na ɓoye su bisa silin ɗin makewayi saboda wata rana.

Fasassun kuwa ko guda ba mu zubar ba. Da 27 ɗin da anka ƙi tun farko, da waɗanda munka kashe wurin kankara, da ragowar yanka, na ƙaro buhu 3 na kase masu kala daga Katako, anka bi baranda da gaban pompo da su. Nan yara sunka samu aiki, su ke miƙa mishi ja ko shuɗi. Abin lura kawai shi ne a nutsa bakin kowane guntu cikin siminti sosai don kaihinshi reza ne, a ba wurin gangare ruwa shi bi ta rariya, kuma wurin alwala ya ƙi sa masu santsi. Baƙaƙen da na nace a sa a bakin baranda don kyau, da rana ta take ba mai iya taka su ba takalmi, wannan kam ni na jawo.

Akwai abin da na ƙi saya ko da arha. Wani ya kawo mini tarin tsohon karon roba, irin na birorin gwamnati na da, ya ce in kwasa kyauta kusan. Wani ɗan uwana da ya yi aikin gini a Faransa ya taɓa gaya mini irin na da ɗin nan da baƙin kol ɗinsu wasu akwai amiyant a ciki, abin da can anka hana tun 1997 don shina kawo ciwon huhu da kansa, kuma da ido ba ka rabe mai shi da marar shi. Na ce na gode.

Da na zauna da littahina na tara komi, salo kam na ci riba ta gaske ko da kol da baƙin da na ƙara. Ɗakin kwana kuwa in na haɗa waɗanda anka zubar, da dogon baro sau biyu, da hayar inji, da kuɗin yaro, da ƙarin kuɗin aiki, abin da ya raba ni da sabon duziyam shuwa bai kai kuɗin buhun shinkafa ba, ban ma sa Lahadina uku a ciki ba. Da zan sake, kwance sai dai in na ga an ciro shi gabana kuma bayanshi ya hita da tsabta.

Mun tare saura kwana 5 azumin 2025. Inna ta zo daga Tahoua ganin gida, ta tsaya bakin salo ta tuɓe takalmi ta taka a hankali tana dafa bango wai kada ta zame, daga baya ta jawo tabarmarta ta koma baranda bisa guntayen nan, ta ce nan ya hi mata.

Ɗakin yara har yanzu siminti ne da leda. Na samu ragowar wani shantiye a Bobiel, 30 bisa 30 guda 150 lamba guda, ɗakin kuma da ƙarin yanka sai wajen 195, suna nan jingine a kusurwa na ruhe su da buhu. Guntu guda na cikin jakkar motona, mai karo ma na ba shi guda, jiya ya kira ya ce ya ga masu kama da su wajen Talladje, na ce kada shi taɓa komi sai na zo mun hito da su rana.